Gandu: Zaman Babban Gida a Ƙasar Daura

A ƙauyukan masarautar Daura, daga Sandamu zuwa Ɓaure, daga Zango zuwa Mai'aduwa, idan aka ce wane yana gandu, ana nufin ya yi aure, wataƙila har ya haifa, amma gonar mahaifinsa yake nomawa, daga rumbun mahaifinsa yake ci. Ta zaure ɗaya kowa ke shiga. In an wuce shi sai gida ya kasu sassa-sassa: sashen tsoho da matansa, na babban ɗa, na ƙannensa da suka yi aure, ga kuma ɗakin wata gwaggo da mijinta ya rasu ta dawo gidansu.

Masu yabon wannan zama sukan tsaya kan zumunci da biyayya, su manta cewa gandu yarjejeniya ce mai ƙa'idoji. Da damina, 'ya'ya maza za su fita gonar gandu tun da sassafe, su yi aiki har wajen azahar. Yamma tasu ce, kowa ya nufi gayaunarsa, kuma abin da ya noma a can ba mai tambayarsa. Shi ko maigida, ciyar da gida a wuyansa yake, haka iri da kayan aiki, da ragon suna, da sadakin ɗa in zai yi auren fari. Da can har haraji shi ke biya wa kowane baligi, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Uban da ya kasa sauke waɗannan ba ya da bakin hana ɗansa ware tukunya. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandun mai hali ya fi daɗewa, na talaka kuwa da wuri yake watsewa. Ko yau haka abin yake.

Daɗin gidan yana wajen yara. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, a gaban surukai ko wasa ba ta yi da shi. Wannan giɓi kaka ce ke cike shi. Ita ke karɓar yaro ranar yaye, a ɗakinta yake kwana, a bakinta yake jin gatanan gatananku. Tana kiran jikanta namiji maigida ko angona, tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba. Kaka namiji kuma ya ce da jikanyarsa amarya. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya kalli ubansa, sai ga shi yana jan gemun kakansa ana dariya. Kuma saboda tsoho yakan ci gaba da haihuwa bayan manyan 'ya'yansa sun fara, sai a sami ɗa ya girmi baffansa. Daurawa ba sa neman misali da nisa: Malam Mamman Daura, tsohon editan jaridar New Nigerian, ɗan wan marigayi Muhammadu Buhari ne, amma an haife shi a 1939, shi kuma Buhari a 1942.

Wanda ya fi ɗaukar nauyin wannan zama, a ganina, matar ɗa ce. An kawo ta gidan da kowa ya san kowa sai ita. Ga uwar miji, ga faccaloli, ga ƙannen miji mata masu ido a kan komai. Ranar girkinta tuwon mutum ashirin ko fiye za ta tuƙa, kuma in miya ta yi tsami sai an ji a kowane sashe. Yawancin rabuwar gandu da ake ɗora wa maza, a murhu take farawa. Amma ita ɗin ce, in ta haihu, ba ta rasa mai dafa mata ruwan wankan jego, kuma in ta daɗe, wata rana ita ce uwar miji.

Sinawa ma sun daɗe suna alfahari da gidan da ya haɗa kakan kaka da tattaɓa-kunne, har tsofaffin gidajen Beijin an gina su ne da ɗakuna kewaye da tsakar gida, dattawa a ɓangaren da ya fi daraja. Sai dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, da kwararar matasa zuwa birane suka rage gidan. Ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin gida a Sin bai kai mutum uku ba, kuma tun 2013 doka ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi. A Daura ba a kai ga haka ba, don mutane ba su yi ƙaranci ba. Gona ce ta yi kaɗan. Filin da kaka ya noma shi kaɗai an raba shi gado sau biyu, ƙasar ga jigawa, ga taki da tsada. Saurayi ya tafi ci-rani Kano ko Legas, ko ya kama harkar kan iyaka ta Kongolam, abin da zai yi da fartanya yanzu ta waya yake turo shi. Matarsa da 'ya'yansa suna nan cikin gida, tsoho na lura da su, shi kuma sai da Sallah, a zo a ga hawan Sarki Umar Faruk Umar a koma.

Ranar da tsoho ya rasu ake sanin ƙarfin gida. Wani lokaci babban wa yakan riƙe ƙannensa shekara biyu ko uku, amma gandun 'yan'uwa bai cika nisa ba, balle in ba uwa ɗaya ba. Sai a kira malamai da dattawan unguwa a raba gonaki, a ja katanga, kowa ya fasa ƙofarsa ta waje. Zauren yakan zauna na kowa, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Tsohuwa kuma takan zaɓi sashen da za ta zauna, sauran 'ya'ya su riƙa aiko mata da kwanon tuwo kowane dare.