Gem ɗin hannu mai ɗauke da sunan fim: shin ya cancanci kuɗinsa?

Lokacin Sallah da dogon hutun makaranta, wanda ke farawa a watan Yuni a Kamaru, su ne lokutan da yara suka fi matsa wa iyaye a saya musu na'urar wasan bidiyo ta hannu, wadda aka fi sani da gem. A babbar kasuwar Maruwa da ta Garwa, kwalin da ya fi jan idon yaro shi ne mai hoton jarumin fim ɗin da ya kalla, kamar Spider-Man ko Batman ko Lion King. Tambayar da ke gaban mai biyan kuɗin ita ce ko abin da ke cikin kwalin ya kai hoton da ke bayansa.

Me ya sa irin waɗannan wasanni suka yi ƙaurin suna?

Kamfanin da ke son yin wasa da sunan fim sai ya sayi lasisi daga masu fim ɗin, kuma kuɗin lasisin kan cinye kaso mai yawa na abin da aka ware wa aikin. Ban da haka, ana so wasan ya shiga kasuwa daidai lokacin da fim ɗin ke tashe, ko an gama shi ko ba a gama ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na E.T., fim ɗin Steven Spielberg na 1982. Kamfanin Atari ya bai wa mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, makonni biyar da 'yan kwanaki ya haɗa wasan domin ya riski cinikin Kirsimeti. Wasan ya fito, masu saye suka yi ta mayar da shi, kaya suka yi kwantai. A 1983 kamfanin ya binne tarin kaset ɗin da suka rage, har da na E.T., a wata bola da ke garin Alamogordo na jihar New Mexico a Amurka, kuma a 2014 aka tono wurin aka same su.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Fim ɗin James Bond mai suna GoldenEye ya fito a 1995, wasansa kuwa sai 1997 ya fito a na'urar Nintendo 64, bayan kamfanin Rare ya ɗauki lokaci yana gyara shi. An sayar da kwafi sama da miliyan 8, kuma har yau ana lissafa shi cikin fitattun wasanni. Haka Aladdin na 1993 da Lion King na 1994 suka karɓu, har aka sake fitar da su tare a Nintendo Switch a 2019. Abin lura a nan shi ne, wasan da aka yi wa gaggawa don ya fito rana ɗaya da fim ya fi kusa da ba da kunya.

Suna ɗaya, wasa daban

Matsala ta biyu ta shafi na'urorin hannu kai tsaye. A zamanin Game Boy Advance na 2001, da Nintendo DS da PSP na 2004, ƙarfin na'urar hannu bai kai na wadda ake haɗawa da talabijin ba. Don haka kamfanoni kan ba wani rukunin ma'aikata daban su yi ƙaramin wasa, a lulluɓe shi da suna da hoto iri ɗaya.

Spider-Man 2 na 2004 ya nuna haka ƙarara. A PlayStation 2, ɗan wasa na yawo cikin birnin New York yadda ya ga dama, kuma wannan ne ya sa aka yaba shi. A Game Boy Advance da DS kuwa, wasa ne na bi ta gefe mataki bayan mataki. Yaron da ya ga na farkon a shagon buga gem na unguwa, aka saya masa na biyun, zai ga an ba shi wani abu dabam. Zuwan Nintendo Switch a 2017 ya rage wannan bambanci, domin na'ura ɗaya ce ake riƙewa a hannu kuma ake haɗawa da talabijin, ko da yake hoton wasu wasannin kan ragu a kanta.

Wane irin kaya ne ke kasuwa?

Abin da mai saye zai tarar a arewacin Kamaru ya kasu kusan gida uku. Na farko su ne ƙananan na'urori 'yan Sin masu araha, waɗanda ake rubuta wa cewa suna ɗauke da wasanni 400 ko fiye. Yawancin abin da ke cikinsu tsofaffin wasannin shekarun 1980 ne da aka kwafo ba da izini ba, kuma sau da yawa wasa ɗaya ne ake maimaitawa da sunaye daban-daban don adadin ya cika. Hoton jarumin fim da ke kan kwalin ba ya nufin wasansa na ciki.

Na biyu su ne tsofaffin PSP da DS na gwanjo. Na'urori ne masu inganci, amma an daɗe da daina ƙera su, batirinsu ya tsufa, kuma akwai kaset ɗin jabu da yawa waɗanda ba sa adana inda yaro ya tsaya. Kantin intanet na Nintendo 3DS ma an rufe shi a watan Maris na 2023, don haka ba a iya sayen sabon wasa ta can. Ita 3DS ɗin tana da wani sharaɗi: kaset ɗin Amurka ba ya aiki a na'urar Turai. Wannan ya shafi iyalan da 'yan uwa ke aiko musu da kaya daga ƙasashe daban-daban.

Na uku ita ce Switch da wasanninta na asali, waɗanda suka fi inganci, suka kuma fi tsada.

Lissafin kuɗi

Tun da sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, lissafin ba shi da wuya. Wasan da ake sayarwa yuro 40 a Faransa ya haura sefa 26,000, na yuro 60 kuwa ya haura 39,000, kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kamaru ta ƙayyade a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, in ban da na gona, sefa 60,000 ne a wata. Ke nan kaset ɗaya na iya lashe fiye da rabin albashin irin wannan ma'aikaci.

Hanya mafi sauƙi ta auna wasa ita ce a raba kuɗinsa da sa'o'in da zai ɗauka. Wasan fim da yawa gajeru ne, suna bin labarin fim ɗin, kuma da an kai ƙarshe babu dalilin komawa. Wasan sefa 26,000 da aka gama cikin sa'o'i 6 ya tashi sama da sefa 4,000 a kowace sa'a. Wasan ƙwallo ko na tseren mota, wanda yaran gida da na maƙwabta za su yi ta bugawa wata da watanni, ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da kuɗinsu ɗaya. Jerin wasannin Lego, irin su Lego Star Wars da aka fara a 2005, na cikin wasannin fim da suka kauce wa wannan matsala, domin mutum biyu na iya bugawa tare kuma akwai abubuwa da yawa da ake komawa nema.

Wuta, zafi da yare

Arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya a rani, ɗaukewar wuta kan ƙaru. Batirin Switch Lite na ɗaukar sa'o'i 3 zuwa 7 ne gwargwadon nauyin wasan, tsohuwar PSP kuwa ƙasa da haka idan batirinta ya gaji. Zafin watannin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40 a Maruwa da Garwa, na saurin lalata batir, musamman idan an bar na'ura a rana ko a caji dare da rana. Batirin da ya kumbura haɗari ne a hannun yaro.

Akwai kuma batun yare. Kayan da suka shigo ta Najeriya galibi da Turanci suke, alhali yawancin yaran yankin da Faransanci suke karatu. Wasu wasannin na barin a sauya yare, wasu ba sa bari. Sannan a duba alamar shekaru da ke kan kwali: tsarin Turai na PEGI na rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18. Fim ɗin da yara ke so ba dole ne wasansa ya dace da shekarunsu ba.

To, a saya ko a bari?

Wasan fim ya cancanci saye idan na asali ne, an gwada shi a kan na'urar da ke gida, kuma yaron zai so shi ko da an cire sunan jarumin. Tun da ba a cinikin biri a sama, mai saye ya nemi a kunna masa wasan a shago, ya ga yana adana inda aka tsaya, ya kuma kalli bidiyon yadda ake buga shi a kan ainihin irin na'urarsa, domin tallan da ake nunawa sau da yawa na babbar na'ura ne. Jinkirin 'yan watanni ma na da amfani, saboda farashin irin waɗannan wasanni kan faɗi da zarar an daina maganar fim ɗin.

Gidan da ke da wayar Android na iya fara gwadawa da wasannin kyauta, irin su Minion Rush na kamfanin Gameloft, wanda ya fito a 2013 daga fim ɗin Despicable Me. Sai dai irin waɗannan na cin data, suna cike da talla, kuma suna tura yaro sayen kaya a cikin wasan, don haka a ɓoye lambar sirrin Mobile Money kafin a miƙa masa wayar.