Dajin Falgore da Ruwan Tiga: Wurin Shaƙatawa a Ƙofar Gidanmu

A ƙasashen bakin teku akwai wuraren da gwamnati ta keɓe domin namun daji da tsuntsaye, wasunsu ma tsibirai ne da ba a isa gare su sai da jirgin ruwa. A Senegal, alal misali, akwai 'yan tsibiran Madelen da ke kusa da birnin Dakar, waɗanda aka mayar gandun ƙasa a 1976. Duwatsu ne kawai da tsuntsayen teku, ba su da wani girma, amma baƙi sukan biya kuɗin kwalekwale su je su wuni a can. Mu nan Kano ta kudu ba mu da teku. Amma muna da babban daji da babban ruwa kusa da juna, wato dajin Falgore da dam ɗin Tiga, kuma da yawa cikinmu ba su taɓa tsayawa sun dube su ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa Jos daga Kano ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ya ratsa Falgore, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan ne wurin da direba yakan ƙara wuta, hira ta mutu a cikin mota, kowa ya zuba wa hanya ido har a fita. Matasanmu sukan tara kuɗi wata da watanni don su je gandun namun daji na Jos ko Yankari, su bi ta tsakiyar nasu dajin a guje, su dawo suna ba da labarin na wasu.

Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe wannan daji, ana kiransa gandun Kogin Kano. A shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa ya zama gandun namun daji, aka sa masa sunan Falgore. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, kuma daga birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 150 ce. Ta gabas yana maƙwabtaka da gandun Lame-Burra na Jihar Bauchi.

Wanda ya saba da ƙasar arewacin Kano, inda ake hango mutum tun daga nesa, zai yi mamakin wannan wuri. Ruwan sama ya fi yawa a nan, don haka itatuwan ma daban ne. Doka ce ta fi yawa, sai maje da kawo da marke da kaɗanya da ɗorawa, ga maɗaci a bakin rafuka. Da damina ciyawa takan fi tsayin mutum. Can kudu kuwa ƙasar takan fara hawa zuwa duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, inda kuma ruwan Zainabi yake zubowa daga kan dutse.

To, ina namun dajin? Nan ne za mu faɗi gaskiya, don kada wani ya kwashi yara da alkawarin zaki ya dawo da kunya. Dattawan yankin suna ba da labarin ɓauna da gwanki da kanki da damisa, amma manyan namun nan sun yi ƙaranci ƙwarai, wasu ma sai dai a labari. Abin da mai haƙuri zai iya sa ran gani shi ne birai, musamman gwaggon biri da jan biri, waɗanda har bakin titi sukan fito, sai gada da zomo, wataƙila gyado ko mazo in an yi sa'a. Wani lokaci sawu kaɗai za a gani a bakin rafi, ko ƙayar beguwa a ƙasa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da bai san beguwa ba sai a tatsuniya.

Tsuntsaye kuwa suna nan, har masana sun sa Falgore cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Nijeriya. Akwai zabin daji da fakara da cilakowa da kurciyoyi iri-iri, ga waɗanda sukan zo daga Turai lokacin hunturu su koma in zafi ya shigo. Baƙon da ya zo daga nesa da tabaron hangen nesa yakan yini yana rubuta sunayensu a littafi. Mu kuwa da muka gaji sunayen nan a harshenmu, yaranmu sun fara kiran kowannensu da tsuntsu kawai.

Dalilin raguwar namun ba ɓoyayye ba ne, kuma ba duka laifin baƙi ba ne. Akwai farauta ba ƙa'ida, har da kashe mace mai ciki. Akwai shanu da ake shigarwa suna cinye abincin namun daji. Akwai gonaki da suke ta cin gefen gandun kowace shekara. Akwai wutar daji, wadda sau da yawa don gafiya ɗaya ake cinna ta. Sannan ga gawayi. Buhunan da muke gani jere a bakin hanya, waɗanda mukan tsaya mu saya don sun fi na birni araha, daga itatuwan wannan yanki suke fitowa. Itacen da ya yi shekara 40 yana girma, a 'yan kwanaki ake mayar da shi gawayi. Ba ma raina talaucin da yake tura mutum ga wannan sana'a, amma mai saye ma yana da hannu a ciki.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta fi korar mutane. A wajajen 2015 da 2016 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mayar da dajin mafakarsu, ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada sun sha wuya. A 2017 sojoji suka shiga da atisayen da suka kira Harbin Kunama na biyu, aka kuma kafa musu filin horo a dajin. Wani abin lura shi ne, dajin da masu gaskiya suka daina shiga, shi ne wanda marasa gaskiya sukan gaje. Duk da haka ba mu ce kowa ya ɗauki jaka ya faɗa ciki ba. Mai niyyar zuwa ya fara neman izini wurin hukumar da ke kula da gandun, ya tambayi jami'an tsaro da masu unguwannin yankin halin da ake ciki a wannan makon, ba na bara ba. In suka ce a dakata, a dakata. In an shiga kuwa, sai da malamin daji a gaba.

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya amince a ƙara gandun ƙasa 10 a kan 7 da ake da su, kuma Falgore yana cikinsu, tare da Baturiya ta Jigawa da Kogo ta Katsina da Pandam ta Filato. Labari ne mai daɗi, sai dai suna kaɗai ba ya tsare daji. Yankari ma an mayar da shi gandun ƙasa a 1991, aka komar da shi hannun Jihar Bauchi a 2006. Abin da ya sa har yau ake zancensa shi ne giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki, da kuma jama'ar da suke zuwa suna biyan kuɗin shiga. Wurin da ake ziyarta, hukuma takan ji kunyar barinsa ya lalace.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, namun daji kuma suka koma kusa da ruwa. A yi sammako, domin da rana ta take komai yakan shige inuwa. A sa rufaffen takalmi saboda maciji da ƙaya, a bar fararen kaya da jajaye a gida, a riƙe isasshen ruwan sha. Ganga da kakaki kuwa, 'yan'uwa, su jira a mota. Mun san matasanmu ba sa tafiya ba waƙa, amma dabba ba ta jiran mai hayaniya. Mutum 10 masu shiru za su ga abin da mutum 60 ba za su gani ba.

Kogin Kano, wanda ya ratsa dajin, shi ne yake gangarowa arewa ya cika dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji. An gina dam ɗin daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tsayin bangonsa mita 48 ne, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 6, ruwan kuma in ya cika yakan rufe wajen murabba'in kilomita 178. Garuruwa da ƙauyuka aka tayar kafin ruwan ya kwanta a wurin. Daga nan ake ba gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure ruwa, birnin Kano ma yana sha daga ciki. Ga inda daji da ruwa suka haɗu: in aka aske itatuwan Falgore, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zuba ta cikin dam, cikinsa ya riƙa cikewa da laka. Manomin tumatir da shinkafa na Kura, wanda bai taɓa taka Doguwa ba, yana da rabo a cikin kowace doka da take tsaye a can.

Ga iyalin da ba su shirya shiga daji ba, Tiga ta isa yini guda. Wanda bai taɓa ganin teku ba, in ya tsaya kan bangon dam ɗin da yamma ya hangi ruwa har iyakar ganinsa, ga duwatsu sun leƙo daga ciki, ga balbelu suna komawa makwanci, ya samu ɗanɗanonsa. A kan dutsen da ke kallon ruwan ne aka gina otal ɗin Rock Castle, wanda ya yi tashe a zamaninsa.

Abu biyu ne za mu ja kunne a kansu. Kada a bar yara su yi wanka a gefen ruwan, domin ruwa mai kwanciya irin wannan yakan ɗauke da tsargiya. Kwalekwale kuma kada a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ba mu manta da haɗarin Bagwai na Nuwamba 2021 a dam ɗin Watari ba, inda jirgin da aka cika ya kife, yawancin waɗanda suka rasu kuma yara ne 'yan makaranta. In mai jirgi ya ce ya ɗauki mutum 8, to, na 9 ya jira zuwa na biyu, kuma in babu rigar hana nutsewa, kallo daga gaɓa ya wadatar.

Masunta sukan fito da karfasa da tarwaɗa, akwai kuma mata masu suya a kusa. A saya a wurinsu maimakon a ɗauko komai daga gida, a kwashe ledoji da gwangwanaye kafin a tashi, a kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.