Hukuncin Tsitsit da Talit a Fikihun Yahudawa

Gabatarwa

Duk wanda ya ga hoton Yahudawa suna ibada a majami'a, ko a gaban Bangon Yamma a birnin Ƙudus, zai lura da farin mayafi mai ratsin baƙi ko shuɗi da suke yafawa. Sunansa talit. Ɗalibin nazarin addinai yakan ɗauka cewa mayafin shi ne abin da shari'arsu ta wajabta, alhali ba haka ba ne. Abin da aka yi umarni da shi shi ne zarurrukan da ke rataye a kusurwoyinsa huɗu, waɗanda ake kira tsitsit. Mayafin kuwa an yi shi ne domin a sami inda za a ɗaura su.

Kafin mu shiga, yana da kyau a kawar da wani ruɗani. Wasu sukan fassara talit da kalmar Larabci ɗailasan, suna dogaro da abin da Imam Bukhari ya ruwaito cewa Anas bin Malik (RA) ya ga mutane ranar Juma'a sanye da ɗailasan, sai ya kamanta su da Yahudawan Haibara. A ganina fassarar tana da rauni, domin ɗailasan suna ne na nau'in mayafi wanda daga baya ma ya zama suturar alƙalai da fakihan Musulmi, kuma babu sharaɗin geza a cikinsa. Talit kuwa idan aka cire masa gezarsa ya tashi daga zama talit a shari'ance.

Nassi da sharaɗinsa

Asalin hukuncin yana wurare biyu a Attaurar da ke hannunsu. Na farko a Littafin Ƙidaya, sura ta 15, aya ta 37 zuwa 41, inda aka umarci Bani Isra'ila su yi geza a kusurwoyin tufafinsu, su sa shuɗin zare a cikinta, domin idan sun gan ta su tuna da dokokin Ubangiji. Na biyu a Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 22, aya ta 12, kuma a nan ne aka ambaci cewa kusurwoyin huɗu ne. Nassin bai faɗi yawan zarurrukan ba, bai faɗi yadda ake ƙulla su ba. Wannan duka daga ruwayar baka malamansu suka ɗauko shi, aka tattara a Talmud, musamman a babi na huɗu na sashen Menahot. Daga baya Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara mas'alolin a babi uku cikin littafinsa Mishne Tora, sannan Yusuf Karo ya sake tsara su a Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a Benis a 1565.

Abin lura shi ne wajibcin mai sharaɗi ne. Ba a wajabta wa mutum ya nemi tufa mai kusurwa huɗu ba; idan dai ya sa irinta, to haramun ne ya sa ta babu tsitsit. A zamanin da mutanen Sham da Iraƙi ke yafa ƙyalle mai kusurwa huɗu a matsayin suturar yau da kullum, hukuncin yana hawa kan kowa ba tare da neman sa ba. Da sutura ta sauya zuwa ɗinkakkun riguna, sai ya zama mutum na iya ƙare rayuwarsa hukuncin bai taɓa hawa kansa ba, kuma bai yi laifi ba.

Malamansu ba su gamsu da wannan mafita ba. Talmud ya kawo labarin wani malami, Rab Katina, wanda mala'ika ya zarge shi saboda yana zaɓar tufafin da ba su buƙatar tsitsit, ya kuma gargaɗe shi cewa a lokacin fushin Ubangiji akan kama mutum da irin wannan kaucewa. Bisa wannan fahimta al'ada ta haifar da tufafi biyu waɗanda babu abin da ya sa ake yin su sai shiga ƙarƙashin hukuncin: babban talit na lokacin ibadar safe, da ƙaramin talit, ƙyalle mai wuyan zurawa da ake sawa ƙarƙashin riga wuni guda. Mai nazarin fikihu ya saba ganin hila da ake yi domin kuɓuta daga wajibi. Nan kuwa dabara ce ta jawo wajibin.

Siffar gezar

A kowace kusurwa ana zura zare huɗu ta wata ƙofa, a ninka su su zama takwas. Ɗaya ya fi sauran tsawo, da shi ake naɗe su, ana raba naɗin da ƙulli biyar masu ruɓi biyu. Yahudawan Turai, wato Ashkenazawa, suna naɗi 7, 8, 11 da 13. Wasu daga Safardawa suna yin 10, 5, 6 da 5. Yahudawan Yaman da yawa suna bin siffar Ibn Maimun. Mai sharhin nan Rashi ya ce ƙimar haruffan kalmar tsitsit a hisabin abajada 600 ce, idan aka ƙara zare 8 da ƙulli 5 sai a sami 613, adadin dokokin Attaura a wurinsu. Musa bin Nahman ya yi masa raddi da cewa a rubutun Attaura kalmar ta rasa harafi ɗaya, don haka lissafin bai cika ba. Irin wannan istimbaɗi ado ne ga hukunci, ba dalilinsa ba ne.

Niyya sharaɗi ce tun daga kaɗi: zaren da ba a kaɗa shi da nufin tsitsit ba bai inganta ba. Haka nan ba ya halatta a ƙulla gezar a gefe sannan a ɗinka ta a jikin tufa. Tufar ulu da ta lilin babu saɓani cewa wajibcinsu daga nassi yake. A kan auduga da siliki kuwa Karo yana ganin daga malamai ne, Musa Isarlis, wanda Ashkenazawa ke bi, yana ganin daga nassi ne.

Lokaci, da mas'alar mata

Tun da nassi ya rataya hikimar ga gani, sun fahimci cewa dare ba lokacin tsitsit ba ne, amma duk da haka sun wajabta wa makaho, domin wasu na ganin gezarsa. Daga nan mas'alar mata ta fito. Ƙa'idarsu ita ce umarnin aikatawa wanda aka ƙayyade da lokaci ba ya hawa kan mace. Ibn Maimun ya halatta mata ta sa idan ta so, ba tare da karanta addu'ar sawa ba; Isarlis ya ga yin hakan nuna isa ne. A yau mata a ɗariƙun masu sassauci suna yafa talit, kuma an sha kama wasu a Bangon Yamma saboda haka, har wata kotu a Ƙudus ta yanke a 2013 cewa ba su karya doka ba.

Yawancin Ashkenazawa ba sa yafa babban talit sai bayan aure. A wurare da dama akan binne namiji da talit ɗinsa bayan an yanke geza ɗaya, alamar cewa taklifi ya sauka daga kansa.

Shuɗin zaren da ya ɓata

Mas'ala mafi zurfi ita ce ta shuɗin zare, tekelet. Ruwayarsu ta ce ba kowane shuɗi ba ne, sai wanda aka rina da abin da ake samu daga wata halittar teku mai suna hilazon. Rini ne mai tsada, shi ya sa algus ya shiga: marina sukan yi amfani da shunin tsiro irin na baba, wanda ido ba ya bambance shi da na gaske, kuma Talmud ya yi alkawarin azaba ga mai yin haka. Bayan rufe Talmud sana'ar ta mutu, sanin halittar ya ɓata. Abin da ya ceci hukuncin shi ne hukuncin Mishna cewa rashin shuɗin ba ya hana farin, wanda ya yi kama da ƙa'idar da ɗaliban usulu suka sani, cewa abin da ya sawwaƙa ba ya faɗuwa saboda wanda ya gagara. Fiye da shekara dubu Yahudawa suna ɗaura fari zalla.

A ƙarshen shekarun 1880 wani shugaban Hasidawa na garin Radzin a Folan, Garshon Lainar, ya tafi Italiya bincike, ya dawo da cewa hilazon wani kifi ne mai fitar da tawada, mabiyansa suka fara rini da shi. Ishaƙ Harzog, wanda daga baya ya zama babban malamin Yahudawa a Ailan sannan a Isra'ila, ya sa aka gwada rinin a ɗakin bincike lokacin da yake aikin digirinsa na uku a Landan. Aka gano cewa launin daga sinadaran da ake haɗawa da ƙarfe yake fitowa, kifin ba shi da wani tasiri na musamman. Harzog ya karkata ga wani dodon koɗin Bahar Rum, Murex trunculus, sai dai rininsa yana fitowa da ja-ja a ciki. A shekarun 1980 masanin rini Otto Elsner ya lura cewa idan hasken rana ya bugi ruwan rinin kafin a tsoma ulu, launin kan fito shuɗi tsantsa. Daga shekarun 1990 ake sayar da zaren da aka rina ta wannan hanya.

Da shuɗin ya dawo, sai tsohon saɓanin da ya daɗe a takarda ya farfaɗo: zare nawa za a rina cikin takwas? Ibn Maimun ya ce ɗaya, Ibrahim bin Dawud na Faransa ya ce biyu, malaman Tosafot suka ce huɗu. Mafi yawan Yahudawa masu riƙo har yanzu ba su karɓi sabon rinin ba, kuma hujjarsu ba ta kimiyya ba ce. Suna cewa abin da isnadinsa ya yanke, tonon kufai da gwajin sinadari ba sa mayar da shi. Masu sawa kuma suna amsa musu da wata ƙa'idarsu, cewa kokwanto a kan hukuncin nassi ana warware shi ne ta ɓangaren tsanantawa, kuma ko da rinin ba shi ne na asali ba, zaren bai ɓaci da shi ba.