Shafin labari ne ƙofar gidan jarida a yau

Mutane da yawa da ke karanta labarai a waya ba sa bi ta babban shafin gidan jarida. Wani ne zai turo musu labari a WhatsApp, ko su ci karo da shi a Facebook, su latsa, sai ga su tsundum a cikinsa. Don haka duk gidan jaridar da ya tashi yi wa dandalinsa na intanet garambawul, shafin da ke ɗauke da labarin ya kamata ya fi zama a kai, ba babban shafin da editoci ke tinƙaho da shi ba.

Babbar cutar ita ce nauyi. Wani binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya kan juya idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. A 2020 kamfanin ya fito da ma'aunai da ya kira Core Web Vitals: babban hoto ko rubutun shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma shafin ya tsaya wuri ɗaya.

Wannan tsayuwar kowa ya san zafin rashinta. Ka fara karanta sakin layi na biyu, sai talla ta faɗo daga sama, rubutun ya zame ƙasa, babban yatsanka ya dira kan tallar caca. Maganin ba shi da wuya ko kaɗan: mai tsara shafi ya ware wa hoto da talla gurbinsu tun kafin su iso. Da yawa ba sa yi, wataƙila don latsawar kuskure ma kuɗi ce.

A Najeriya nauyin shafi aljihu yake taɓawa. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Bidiyon da ke kunna kansa ba a nema ba, datar mai karatu yake zuƙa. CNN da NPR na Amurka sun daɗe da shafukan rubutu zalla, masu buɗewa ko da sabis ya yi rauni.

Sai kuma abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su, ko dai su fito a karkace daban da sauran, ko wani ɗan akwati ya maye gurbinsu.

Kafin a ƙaddamar da sabon tsari, a ajiye kwamfutar ofis. A samo tsohuwar wayar Android mai tsagaggen gilashi, a fita bayan gari inda sabis ke rawa, a buɗe labari ɗaya. In bai karantu a can ba, da sauran aiki.