'Yan bindigar da ba a gudu idan an ji ƙararsu: Labarin bindigar toka a hawan Sallar Kano

Idan aka ce "'yan bindiga" a labaran yau, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne masu satar mutane da kora shanu a dazukan Zamfara da Katsina. Amma a ƙasar Kano sunan yana da wasu masu shi na asali: dakarun da ke tafiya a ƙasa cikin ayarin sarki ranar hawa, suna sakin ƙara da hayaƙi, jama'a na shewa.

Mutanen Kura da Bunkure, inda noman rani da ruwan madatsar Tiga ya zama abin dogaro, sun san wannan ƙara. Hakimai kan shiga birni da dawakai da makaɗa domin gaisuwar Sallah, matasan ƙauyuka kuma su bi su kallo. Abin tambaya shi ne ko al'adar za ta ɗore a lokacin da ƙarar bindiga ta zama abin firgita, hawan kansa kuma ake yawan dakatar da shi.

Yadda take aiki

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, ta baki ake ɗura mata. Mai ita yakan zuba albarushi, ya cusa tsumma ko takarda, ya danna da doguwar sandar ƙarfe, sannan ya ɗana. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Daga nan ne ta samu laƙabin harba-ka-ruga.

A wajen hawa ba a sa mata harsashi. Ƙara da hayaƙi kawai ake nema, kuma sama ake ɗaga bakinta. Duk da haka ba abin wasa ba ce. Yawancin waɗanda ke hannun mutane maƙeran gida ne suka ƙera su da bututun ƙarfe, kuma idan albarushi ya yi yawa ko bututun ya tsufa yakan fashe a hannun mai harbi. Sanin ma'aunin ɗuri ilimi ne da yaro ke koya a gaban babba.

Daga Nupe zuwa fadar Kano

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nupe. Ya kuma ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa.

Bindigogin daga bakin teku suke tasowa, inda Turawa 'yan kasuwa ke sayar da su. Shi ya sa har yau a Turancin Najeriya ake kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi ciniki a gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A ƙarni na 19 sarakuna sun fi damƙa su a hannun bayin sarki, domin kada makamin ya bazu.

Ƙarshen aikinta a fagen fama ya zo a 1903. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta tsallaka kogin Challawa, sannan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Bindigar da ake ɗurawa bayan kowane harbi ba ta iya ja da igwa da bindiga mai aman wuta ba. Tun daga nan ta koma hannun mafarauta da 'yan sintiri, a fada kuma ta zama kayan ado da tuna baya.

Hawa ma kwaikwayon yaƙi ne

Wanda ya lura da jerin gwanon Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa zai ga tsarin runduna ce: 'yan lifida da 'yan sulke a kan dawakai, 'yan baka da 'yan bindiga a ƙasa, dogarai kewaye da sarki. Jafin da mahaya ke kai wa sarki da sukuwa shi ma daga fagen daga ya samo asali.

Ba Kano kaɗai ke raya tsohon makami ta wannan hanya ba. A Maroko akwai wasan Taburida, inda mahaya ke sukuwa a jere su harba bindigoginsu lokaci guda. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2021. A Amurka kuwa abin sha'awa ne na ƙashin kai: akwai ƙungiyar masu irin wannan bindiga da aka kafa a 1933, wadda ke taro a garin Friendship na jihar Indiana, inda mutane ke sa tufafin mafarautan da, su kafa tantuna, su yi gasar harbi.

Bambancin shi ne, a Amurka mutum da kuɗinsa yake sayen kaya ya shiga. A Kano gado ne da hidimar sarauta, kuma ranar hawa ce babbar ranar nuna shi.

Abin da ke barazana

A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin wancan jeri, a taron da ta yi a ƙasar Paraguay. Sai dai a Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarautar Kano, suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. Kafin nan annobar korona ta hana shi a 2020.

Duk Sallar da ta wuce ba hawa, asara ce ga maƙeri da mai kayan doki da maɗinki. Ga 'yan bindiga kuwa, dama ce ta wuce da yaro zai tsaya kusa da mahaifinsa ya ga yadda ake ɗuri da yadda ake kauce wa jama'a.

Akwai kuma batun doka. Dokar makamai ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuni na daban, ta kuma ba kwamishinan 'yan sandan jiha iko a kan lasisinsu. A halin da ake ciki na rashin tsaro, wanda aka tare a hanyar Kura zuwa Kano da adaka a kafaɗa sai ya yi dogon bayani, ko da hawa za shi.

Mafita a fili take: masarauta da 'yan sanda su yi rajistar 'yan bindigar gargajiya da maƙeransu, a riƙa duba lafiyar bindigogi kafin kowace Sallah, a kuma naɗi bayanan dattawan sana'ar tun suna raye. Gidan Makama zai iya adana bindiga a cikin gilashi, amma ilimin ɗura ta yana hannun mutane ne, kuma da su yake tafiya.