Gaz ɗin Damagaram da iccen dahuwa

A ƙauyuka da yawa, iccen dahuwa sai ƙara nisa yake. Mace kan yi rabin wuni a daji kafin ta haɗa dami ɗaya.

A shekarar 2011 aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ, arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, cikin jihar Difa, ta tiyo mai tsawon fiye da kilomita 450. In ana tace shi, wata iska mai kama wuta tana fita. Ita ce gaz. Sai a matse ta, a ɗura a buteli.

Can da, daga waje ake sayo gaz, sai mai hali. Da na gida ya samu, gwamnati ta yanke kuɗinsa: buteli mai kilo 6, dala 360. Masu ɗuri da dillalai suka samu sana'a.

Amma fa wannan kuɗin ɗuri ne kawai. Buteli da murhunsa daban ake sayen su, nan ne talaka ke cijewa. In gaz ya yi wuya kuma, wasu ƴan kasuwa kan ɗora nasu bisa kuɗin hukuma. Har yanzu yawancin masu dahuwa da gaz mutanen birni ne.