FUFUSA: WAINAR MASARA MAI CIKO TA MUTANEN EL SALBADO

A wannan wata za mu leƙa ɗakin girkin matan El Salbado, wata 'yar ƙaramar ƙasa a yankin Amurka ta Tsakiya mai maƙwabtaka da Gwatamala da Honduras, domin mu ga yadda suke sarrafa masara. Daga can yankin masara ta samo asali kafin ta iso mana, don haka suna da dabarun da ya kamata mu sani.

Abincin da suka fi ji da shi ana kiransa fufusa, su kuma suna rubuta shi pupusa. Kwaɓin masara ne ake cusa wa cuku ko wake ko nama, a faɗaɗa shi kamar ƙaramin faifai, a gasa a kasko ba tare da an tsoma shi cikin mai ba. A shekarar 2005 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin abincin ƙasa, ta kuma ware Lahadi ta biyu a watan Nuwamba ta zama ranarsa. Yaƙin basasar da aka yi daga 1980 zuwa 1992 ya sa jama'a da yawa yin hijira zuwa Amurka, shi ya sa ake samun shagunan fufusa a birane irin su Los Anjeles da Washinton.

Kafin ki ɗora tukunya, ki sani garin tuwon masarar da ke ɗakinki ba zai yi wannan aiki ba. In kin kwaɓa shi da ruwa zai wargaje a hannunki, ba zai riƙe ciko ba. Sirrin yana wajen gyaran masarar tun tana tsabarta. Su ba surfe suke yi ba. Dafa tsabar suke yi da farar ƙasa irin ta abinci, kimanin babban cokali 1 ga kilo 1 na masara, su bar ta ta kwana a cikin ruwan, da safe su murje su wanke, sannan a markaɗa ta tana jiƙe. Wannan dahuwa ce ke saɓule fatar masarar, ta sa kwaɓin ya yi danƙo ya haɗe.

Amfanin bai tsaya ga danƙo ba. A cikin masara akwai sinadarin bitamin B3, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai sai an yi mata irin wannan dahuwa. Da aka kai masara Turai ba a tafi da dabarar ba, sai talakawan Sifen da Italiya da suka dogara da ita kaɗai suka yi ta fama da cutar felagira, mai lalata fata tana sa gudawa. Dahuwar tana kuma rage gubar funfuna da ke kama hatsin da bai bushe da kyau ba. Ga gidan da masara ce abincin dare kusan kullum, wannan abin lura ne.

To ina za ki samu farar ƙasar? Kada ki kuskura ki ɗebo ta magina ko ta shafen bango, ba a tsabtace ta don ci ba. In ba ki samu ta abinci ba, ki koma ga toka, domin wasu ƙabilun asali na nahiyar Amurka da tokar itace suke yi tun kaka da kakanni. Ki tankaɗe tokar itace mai tsabta, wadda ba a ƙona leda ko shara a cikinta ba, ki jiƙa ki tace ruwan toka mai ƙarfi, ki tafasa masarar a ciki. Ki riƙa ɗauko ƙwaya ɗaya kina murzawa. Da zarar fatar ta saɓule tsakanin yatsunki, launin ya ja zuwa ruwan ɗorawa, ki sauke ki bar ta ta kwana. Wankewa kuwa sai kin yi sau uku ko huɗu, in ba haka ba za ki ji ɗaci. Wajen markaɗe ki ce wa mai inji ya rage ruwa, kwaɓi kike so ba ƙullu ba. Wadda ke zaune inda ake sayar da garin Maseca ta huta, kofi 2 na garin da kimanin kofi 1 da rabi na ruwan ɗumi da ɗan gishiri sun isa.

Akwai kuma hanya mai sauƙi. Mutanen garin Olokwilta sun shahara da fufusar garin shinkafa, wanda ake kwaɓawa da ruwan zafi. Ga mai koyo, ni da wannan zan ce ta fara.

Batun ciko ne wurin da Musulma za ta buɗe ido. Wadda aka fi saye a can ita ce rebuwelta, wato haɗin cuku da wake da chicharon, shi kuwa chicharon naman alade ne da aka soya aka niƙa da tumatir da albasa. Wasu ma da kitsen alade suke soya waken, kuma duk a kasko ɗaya ake gasawa. Saboda haka in tafiya ta kai ki ko 'ya'yanki masu karatu Amurka, jin an ce "ta wake ce" bai wadatar ba, sai an tambayi man da aka yi amfani da shi. A gida kuwa babu matsala. Ki dafa naman sa ko kaza, ki soya da tumatir da albasa da tattasai, ki daka ya yi laushi ƙwarai, domin gutsuren nama mai tauri zai huda kwaɓin. Waken ki dafa ya yi luguf, ki dame shi, ki soya da albasa a man gyaɗa har ya yi kauri ya bar jikin tukunya, sannan ki bari ya huce. Cuku sai mai narkewa irin mozarela. Cukun da ake soyawa bai narke ba ba zai ba ki abin da ake so ba. Suna sa kabewa da aka goga, da tohon wani fure da suke kira loroko.

Ki ajiye kwano da ruwa da ɗan mai a gefe kina jiƙa hannu. Ki gutsuri kwaɓi kamar girman ƙwan agwagwa, ki mulmula, ki lotsa tsakiyarsa da babban yatsa ya zama kamar ƙaramin ƙoƙo. Ki zuba ciko cokali 1, ki tattaro bakin ki rufe, ki cire ɗan tsinin da ya rage. Sai ki riƙa tafa shi a hankali daga wannan tafi zuwa wancan har ya faɗaɗa, kaurinsa bai kai yatsa ba. In ya tsage a gefe, kwaɓin ya bushe ne, ki ƙara ruwa kaɗan. Ki ɗora a kasko mai kauri da ya yi zafi, ki shafa masa mai kaɗan, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, har ya yi ɗigo-ɗigon ja. In cuku ya ɓullo ya ƙone a kasko kada ki damu, su wannan ƙanzon suke rububi.

Ba a cin fufusa gaya. Abokin tafiyarta shi ne kurtido: kabeji da aka yanka siriri aka watsa wa ruwan zafi aka tsane, da karas gogagge, da albasa, da ɗan attaruhu, da gishiri, da ganyen origano, a zuba ruwan khal ko lemon tsami. Ki haɗa shi tun daren da kika jiƙa masara, domin sai ya kwana yake yin daɗi. Sai 'yar miyar tumatir mai ruwa-ruwa da albasa da tafarnuwa. Da hannu ake ci, a yagi fufusar tana tururi, a ɗora kurtido, a dangwali miya. Ki lissafa 2 ko 3 ga kowane babba, ki kuma riƙa gasawa ana ci, don da ta huce takan yi tauri.